An gyara esin mota, sanyi ya ƙi zama: Ina laifin yake?

Duk shekara, da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa iskar bazara ta fara kaɗawa, masu motoci a Kudancin Kano kan shiga wata hidima da ta zame musu kamar al'ada. Daga Bebeji da Kiru, daga Tudun Wada da Doguwa, za ka ga malamin makaranta da ɗan kasuwar hatsi da ma'aikacin ƙaramar hukuma, kowa ya ware rana guda ya nufi birni domin a gyara masa na'urar sanyaya mota, wadda aka fi sani da esi. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin son jiki. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi a jihar nan kan haura digiri 40, kuma duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda ko tsoho mai hawan jini daga Riruwai zuwa asibitin birni da tsakar rana ya san darajar iska mai sanyi a cikin mota.

Abin takaicin shi ne, da yawa ba sa cin moriyar kuɗinsu. Wani kafin ya karya kwana a Kwanar Ɗangora sanyin ya fara ja da baya. Wani ya kai gida lafiya, bayan mako guda ya kunna ya ji iska kamar daga bakin murhu. Mutumin birni zai iya leƙa gareji da yamma bayan ya tashi daga aiki. Amma ga mutumin Doguwa, mai nisan fiye da kilomita 100 daga Kano, komawa tana nufin asarar yini guda da kuɗin mai, wanda tun bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama abin da ake lissafawa kafin a tayar da mota. Saboda haka sai ya tsaya wurin duk wanda ya gani da tukunyar gas a bakin titi, ya ce a ƙara masa. Daga nan ake shiga gyaran gangar Auzinawa.

Na daɗe ina bin wannan hanya, na kuma sha zama a inuwar gareji ina kallon yadda ake aikin. Abin da na fahimta shi ne, esin da ya lalace bayan gyara yakan faɗi ciwonsa da kansa. Lokacin da sanyin ya ɗauke, da wurin da ya ɗauke, su ne shaidun farko. Mai motar da ya iya karanta su zai koma gareji da bayani a bakinsa, ya kuma san abin da zai biya wa kuɗi da abin da ba zai biya ba.

Gas ba fetur ba ne

Kowa ya san yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa. Ruwan da ya tsattsafo a jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafin da ke ciki. A kan wannan ƙa'ida esi yake aiki, sai dai shi gas ɗinsa a kulle yake cikin bututu, yana zagayawa. Kwampireso, wanda fambel ke juyawa, yana matse gas ɗin har ya yi zafi. Daga nan ya shiga kwandensa, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke gaban lagireto, inda iskar waje ke huce shi ya koma ruwa. Sai ya ratsa diraya, wadda ke tace datti ta kuma tsotse danshi, ya bi ta wani bawul mai ƙanƙanuwar kafa, ya fesu cikin ibaporeta da ke ɓoye a bayan dashbod. A nan yake tafasa ya koma iska, yana haɗiye zafin cikin mota. Gas ɗin da yawancin motocinmu ke amfani da shi, R134a, yana tafasa ne a kusan digiri 26 ƙasa da sifiri idan ya fito fili, shi ya sa yake ƙona fata kamar wuta idan ya fesu a hannu.

Darasin da ke cikin wannan bayani guda ne: inji ba ya ƙona gas ɗin esi yadda yake ƙona fetur. Mota lafiyayya takan yi shekaru ba a ƙara mata ba. Idan an cika maka yau ya ƙare cikin mako ko wata, to akwai kafar da yake zurarewa, domin ruwa ba ya tsami banza. Kuma tare da gas ɗin ne man da ke shafe kwampireso yake zagayawa. In gas ya yi ƙasa, man ba ya komawa yadda ya kamata, sai kwampireso ya yi ta cin kansa. Wanda ke ƙara gas duk wata ba tare da an toshe yoyo ba, sannu a hankali yana tara wa kansa kuɗin sabon kwampireso ne.

Alamomi shida da abin da suke nufi

Ta farko, sanyi ya yi kyau ranar gyara, ya riƙa raguwa har ya ɓace cikin kwanaki. Wannan yoyo ne. Wuraren da aka fi zargi su ne mahaɗan da aka kwance aka mayar da tsofaffin zobunan roba, da bakin da ake ɗura gas, da jikin kwandensa da tsakuwar hanyoyin burji ke fasawa, da gaban kwampireso. A nan ƙurarmu tana da amfani. Gas yana fita tare da ɗan mai, ƙura ta manne a kai, sai ka ga baƙin tabo mai maiƙo. Ka buɗe bonet ka bi bututun da ido, inda ka ga tabon ka shafa ruwan sabulu, ka duba ko zai yi kumfa. In ba a ga komai a waje ba, zargi ya koma kan ibaporeta, ita kuwa sai da launi na musamman da ake zubawa ko na'urar sansano gas.

Ta biyu, sanyi yana nan muddin kana gudu a kan titi, amma da ka shiga cunkoson ranar kasuwa a Tudun Wada sai ya gudu. Wannan yana nuna kwandensa ba ta samun iska. Ka tsaya, ka bar inji da esi a kunne, ka duba ko fankar da ke wurin lagireto tana juyawa. In tana juyawa, ka kara takarda a gaban motar. Ya kamata iska ta ja ta ciki. In ta turo ta waje, an juya wayoyin fankar lokacin da ake mayarwa. Sannan a yankin da ake casar shinkafa da ɓarzar masara, ƙaiƙayi da ƙura kan cushe tsakanin kwandensa da lagireto. A wanke da ruwa mai sauƙi, domin ruwan famfo mai ƙarfi na masu wankin mota yana lanƙwashe siraran haƙoranta.

Ta uku, esi ya yi sanyi na minti 20 ko 30, ya ɗauke, in an kashe shi ya huta ya dawo. A nan sai ka lura da ƙarfin iskar. Idan iskar ce ta ragu alhali kana jin ƙugin fanka, ƙanƙara ce ta rufe ibaporeta, kuma sau da yawa dalilin shi ne an cire abin da ke auna sanyinta, an haɗa kwampireso kai-tsaye, abin da kanikawa ke kira dairek. Idan kuwa iskar tana da ƙarfinta amma ta koma ɗumi, to ko dai danshi ne ya daskare a kafar bawul saboda ba a zuƙe iskar cikin bututu ba kafin a zuba gas, ko kuma kulocin kwampireso ne ya cinye, yana saki da ya yi zafi. Leƙa fuskar kwampireso a daidai lokacin zai nuna maka ko faifan gabansa yana juyawa ko ya tsaya.

Ta huɗu, kwampireso yana kamawa yana saki a kai a kai, mota ta yi nauyi, allurar zafi tana ɗagawa, musamman idan ka wuce dajin Falgore ka fara hawan tudun Doguwa. Galibi gas ne ya yi yawa, ko iska ta gauraya da shi, matsi ya wuce ƙa'ida har makunnin kariya yana yanke wuta. Mutanenmu da dama suna ganin yawan gas shi ne yawan sanyi, har su ce wa mai gyara ya ƙara kaɗan. Gas ɗin da ya wuce awo yana rage sanyi, yana ƙara shan mai, yana kuma iya fasa tiyo. Duk lokacin da allurar zafi ta ɗaga, a kashe esi nan take, kada garin neman gira a rasa ido.

Ta biyar, ka taɓa kakkauran bututun da ke komawa kwampireso ka ji shi da sanyi har yana gumi, amma cikin mota ba labari. A yi hattara da fanka da fambel wajen taɓawa. Wannan alama tana wanke gas da kwampireso daga zargi, ta mayar da shi cikin dashbod: ƙofar da ke raba iskar zafi da ta sanyi ta maƙale, ko an manta ba a mayar da wata waya ba, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko shagon hatsi, ɓera kan yi sheƙa a akwatin fankarta. In kuma ruwa ne ke zuba a ƙafar wanda ke zaune a gaba, ɗan tiyon da ke fitar da ruwa ƙasa ne ya toshe ko ya fita daga mazauninsa.

Ta shida ita ce mafi tsada. An sa wani kwampireso, bai yi wata biyu ba ya fara ƙara ko ya ƙame. Idan kwampireso ya mutu ta hanyar cin kansa, yakan watsa garin ƙarfe cikin bututu gaba ɗaya. Kwandensar motocin zamani tana da kafofi sirara ƙwarai waɗanda wanki ba ya fitar da wannan gari. In ba a sauya ta ba, tare da diraya da bawul, aka kuma wanke bututu, garin nan zai koma ya kashe sabon. Haka kuma kwampireson Beljiyam, ko a Ƙofar Ruwa aka saye shi ko a wani wuri, in ya daɗe a ajiye bakinsa a buɗe, man cikinsa ya sha danshi. A zubar da shi, a auna sabo a zuba.

Matakai uku da ake tsallakewa

Idan aka bi diddigin waɗannan alamomi, za a ga yawancinsu suna komawa ga matakai uku. Na farko shi ne gwajin yoyo kafin a zuba gas, wanda ake yi da iskar naitirojin. Kada a taɓa yarda a yi shi da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi tana haddasa fashewa. Na biyu shi ne zuƙe iska da danshi da injin bakum na aƙalla minti 30, sannan a kashe injin a zuba wa geji ido na ɗan lokaci. In allura ta koma baya, da sauran kafa. Buɗe bawul a fesar da ɗan gas, wai don ya kori iska, ba ya maye gurbin wannan mataki. Na uku shi ne auna gas da sikeli. Kowace mota tana da takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin nau'in gas da nauyinsa, kuma a ƙananan motoci yakan kama daga giram 400 zuwa 700. Geji kaɗai yana iya ruɗin mutum, domin in inji a kashe yake, motar da ke da rabin gas da wadda ke cike za su iya nuna lamba ɗaya. Mai mota mai haɗin lantarki da fetur kuwa ya sani cewa kwampiresonsa yana da nasa mai na daban, in aka zuba na gama-gari yana iya jawo matsalar wuta.

Wane gas aka zuba maka?

Wannan tambaya ta wuce batun sanyi, ta shafi rai. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 suna amfani da R12 ne, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana. R134a ya gaje shi. Shi ma aka gano yana ɗumama yanayi fiye da iskar kabon sau 1,430, don haka daga Janairun 2017 sababbin motocin Tarayyar Turai suka bar shi, akasarinsu suka koma R1234yf, yawancin na Amurka ma suka bi sahu. Waɗannan motoci sun fara shigowa hannunmu ta Kwatano da Legas, kuma gas ɗinsu ya fi tsada nesa ba kusa ba. Gyaran Kigali na 2016, wanda Najeriya ta amince da shi a 2018, ya tanadi a riƙa rage irin su R134a mataki-mataki. Duk abin da ya yi tsada kuwa, masu jabu ba sa barin sa.

Akwai masu zuba R22 na esin ɗaki, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da robobin mota. Akwai masu zuba R600a na firji ko makamancinsa, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, alhali ibaporeta tana cikin ɗakin da kai da iyalinka kuke zaune. Mafi muni shi ne jabun da ke ɗauke da R40, wanda ke cin alminiyum ya haifar da wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Burazil, mutum uku suka rasu, bincike kuma ya danganta abin da irin wannan jabu. Saboda haka ka nemi ganin tukunyar da za a zuba maka, ka gwada abin da ke jikinta da abin da ke takardar bonet. In farashin ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, ka tuna araha ba ta ado.

A yi wa bakanike adalci

Ba zan ɗora laifin duka a kan masu gyara ba. Da yawansu sun san aikin, sun kuma san abin da ya kamata a yi. Amma na sha ganin mai mota ya zo yana sauri, an ce masa sai an sauya kwandensa da diraya, ya ce a dai sa kwampireso kawai, sauran sai wani jiƙon. An ce a bar motar ta kwana a ga ko allura za ta sauka, ya ce yana son ya ratsa Falgore kafin duhu. Injin bakum yana buƙatar wuta, wuta kuwa sai an tayar da janareta, amma wajen ciniki ba wanda ke son a sa kuɗin man a lissafi. Wanda ya taya aikin awa uku da kuɗin aikin minti 15, abin da ya biya shi zai samu.

Don haka shawarata ga mai mota ita ce ya tafi da sassafe, ya ba aikin lokacinsa, ya kuma gwada kafin ya biya. A sa ma'aunin zafi a kafar iska ta tsakiya, a rufe gilasai, a bar iskar ciki tana zagayawa, a ɗan taka totur na minti 10. Esi lafiyayye yakan sauko kusa da digiri 10 ko ƙasa da haka. Sannan a bar motar tana aiki a tsaye, a kuma zaga da ita na rabin awa. A karɓi rasit mai ɗauke da abin da aka sauya, da nau'in gas da nauyinsa, da kwanakin garanti, a kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire.

In ta kama a koma, a koma da bayani, a bar faɗa a gida. Akwai bambanci tsakanin ka ce, "Ka cuce ni," da ka ce, "Oga, sannu da aiki. Esin nan yana sanyi a kan titi, amma da na tsaya minti biyar sai ya ɗauke, kuma ban ga fanka tana juyawa ba." Mai amana zai ce, "Alhaji, kawo mu duba, wannan a cikin aikinmu yake." Wanda bai tambaye ka komai ba ya jawo tukunyar gas, ka ɗauki motarka ka yi gaba. In sulhu ya gagara, akwai shugabannin ƙungiyar kanikawa a gareji, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano, kuma dokar tarayya ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ta ba wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a sake gyarawa ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Maganin da zai ɗore shi ne a daina tafiyar yini guda saboda aikin da za a iya yi a gida. Geji da sikeli da injin bakum da tukunyar naitirojin ba kayan da suka fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba ne. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓun nan biyu a tarayya, da su sa wannan sana'a cikin shirye-shiryensu na tallafa wa matasa, a haɗa horo da kayan aiki, a yi amfani da kwalejin fasaha da ke Bagauda. Ƙungiyar masu gyaran firji da esi ta ƙasa, NARAP, da ta kanikawa, NATA, su fito da horonsu daga birni zuwa garuruwan da ke kan hanyar Jos. Hukumar SON kuma ta sa ido a kan tukwanen gas da ke shiga kasuwanninmu, tun kafin a ji mummunan labari. Mu kuma masu motoci, mu riƙa yin gyaran tun cikin hunturu lokacin da gareji ba cunkoso, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya kuma kiyaye hanya.